Ladan Fyzool da Tsuntsayen Magariba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa teku Ya sanya mata iyaka, Ya hore wa tsuntsu iska, Ya sanar da kowace halitta lokacin fitarta neman abinci da lokacin komawarta masauki. Shi ne Ya ƙayyade wa salla lokuta waɗanda ba sa gusawa don buƙatar wani bawa, komai tsananinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihin Fyzool Rajack ne, wanda manya da yara suke kira Chacha Fyzool, wato Baffa Fyzool, ladanin masallacin ƙauyenmu da ke gefen fadamar Caroni, a tsibirin Trinidad. Mutum ne gajere, siriri, wanda in ka gan shi ba za ka zaci akwai wata murya a ƙirjinsa ba, sai ya ɗora yatsunsa a kunnuwansa. Ƙuruciyarsa duka a ƙarƙashin taraktocin kamfanin rake ya ƙarar da ita yana gyara, har ranar da aka rufe kamfanin aka ce kowa ya tafi gida ya huta. A zamanin aikin, azahar da la'asar sukan kuɓuce masa, wanda ya samu kansa a masallaci ya kira. Amma magariba tasa ce, kuma shekara talatin da huɗu bai taɓa barin wani ya kira ta ba. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Nazra ya bar baƙi da tukwanen shinkafa ya tafi ya kira. Ranar da aka cire masa turmin haƙori ya kira da auduga a baki. Ba ya faɗin wannan tarihi da kansa, don ya san riya tana cinye lada, sai dai yakan yi shiru a daidai wurin da zai ba wani damar faɗa.

Bayan ya bar aiki, Nazra ta aiko masa daga Toronto da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, don ya riƙa ɗaukar dangi yana tura mata. Ya gwada hakan mako biyu ya gaji, ya ce ɗan Adam da ya ga kyamara sai ya gyara fuska ya zama wani mutum daban. Sai ya juya ga halittun bakin teku, waɗanda ba su san da zamansa ba, ko sun sani ba su damu ba. Yakan fito daga sallar asuba ya saɓa jakarsa, ya shiga taɓo har gwiwa, sauro na cin rabonsa, ya tsaya har hantsi yana jiran ƙaguwa ta ɗaga babban hannunta ɗaya kamar mai neman izinin magana a majalisa. Ya ɗauki kwasakwasa ya cika jakar bakinsa da kifi, wani ɗan tsuntsun teku ya hau kansa ya zauna yana jiran ya buɗe baki ya fizge. Ya ɗauki wani kifi mai ido huɗu yana duban sama da ƙasa a lokaci guda. Haƙurin da ya koya wajen jiran lokacin salla ya yi masa amfani a nan, har ya zama a duk yankin babu mai hotunan ɗabi'un waɗannan halittu kamarsa.

Wannan ne ya kai shi ga ƙungiyar masu ɗaukar hoton tsuntsaye don sha'awa, wadda take zama ranar Asabar ta farkon kowane wata a saman wani kantin magani a garin Chaguanas. Su ashirin da uku ne. Shugabansu Likita Sookdeo, tsohon likitan haƙori, ya shekara arba'in yana yi wa mutane magana alhali bakinsu a buɗe ba sa iya mayar masa da amsa, kuma barin aiki bai raba shi da wannan ɗabi'a ba. A ƙa'idar ƙungiyar, ba a maƙala wa mutum jan bajo na cikakken memba sai ya kawo hoton da suke kira Dawowa.

Ga abin da ake nufi da ita. Jan jinjimi yakan wuni a taɓon bakin teku yana cin ƙaguwa, sa'an nan da yamma su dawo garke bayan garke zuwa wani ɗan tsibiri a tsakiyar fadama, su sauka a kan itatuwa har kore ya koma ja. Likita Sookdeo ya yanke hukunci tun da daɗewa cewa hoton ba ya cika sai itatuwa sun cika, kuma babban garken ƙarshe yana cikin iska bai riga ya sauka ba. Hoton da ya kasa haka, rabin dawowa ne. Shi kuwa wannan garke ba ya isowa sai daidai lokacin da ƙwayar rana take ɓacewa. Daga mashigar jirage zuwa tsibirin tafiyar minti arba'in ce a kwalekwale mai inji.

Mai hankali ya riga ya gane mas'alar. Lokacin Dawowa shi ne lokacin magariba, ba gaba ba baya. Kowane baƙo da ya sauka daga jirgin sama jiya yana da wannan hoto a wayarsa yau. Yana kan kalandar kowane shagon taya. Amma mutumin da ya fi kowa kusa da fadamar, wanda tsuntsayen suke ratsawa ta saman hasumiyarsa kowace yamma yana tsaye yatsu a kunne, shi kaɗai ne ba shi da shi. Shekara tara yana hawa benen kantin maganin ba bajo a ƙirjinsa. In ya nuna hoton ƙaguwa, sai Likita ya ɗaga shi sama ya yaba, sa'an nan ya ce, "Madalla, Mista Rajack. Saura ka zama ɗan ƙungiya." 'Yan ƙungiyar suka sa masa suna Mai Safiya.

Da ƙungiyar ta kusa cika shekara ashirin, aka shirya baje kolin hotuna a ɗakin taron gari, aka ce jigonsa Dawowa, kowane memba da firam ɗaya. Saura wata biyu. Likita ya ce in Mista Rajack bai samu ba, ba komai, ana buƙatar wanda zai tsaya a ƙofa yana miƙa wa baƙi takardar shiri.

Mai karatu zai ce, me ya hana shi wakilta wani ya kira magariba ɗaya? Abin da ya hana shi yana da suna, Haji Kamaludin Edoo, mai shagon kayan gini a bakin titi. Haji Edoo ya je Makka sau uku, shi ya sayi lasifikar masallacin da kuɗinsa, kuma tun ranar da aka kafa ta ya hura iska a cikinta sau biyu don gwaji bai ƙara samun damar magana a cikinta ba da magariba, lokacin da kowa yake gida yana ji. Muryarsa kuwa, Allah Ya raba baiwa yadda Ya so, kuma ba a nan Ya ajiye ta Haji ba. Kowace yamma yakan rufe shago da wuri ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗan ɗakin da makirfon yake, yana gyaran murya, yana tambayar Chacha Fyzool lafiyar maƙogwaronsa da kulawar da ta wuce ta 'yan'uwantaka. Chacha ya tabbata a ransa cewa in Haji ya riƙe makirfon sau ɗaya, sai dai a ɓamɓare shi daga hannun gawarsa.

Sai ya nufi limaminmu, Maulana Siddiq, da tambayoyin da ya kwana uku yana gogewa. Ya fara da cewa shin akwai wani malami, ko a wata mazhaba mai nisa, da ya halatta gabatar da kiran magariba da kamar awa guda saboda lalura. Maulana ya ce babu. Ya ce to jinkirta ta fa da awa guda? Maulana ya tambayi mene ne lalurar. Da ya ji, sai ya cire tabaransa ya goge. Chacha ya ƙara da cewa ai shiga fadama tafiya ce, kuma matafiyi yana da rangwame. Maulana ya ce tafiyar da mutum yake hango rufin gidansa in ya miƙe tsaye ba ta kai ta rangwame ba.

"Amma ga sauƙi, Chacha," in ji Maulana. "Kiran salla haƙƙin jama'a ne, ba gadon gidan Rajack ba. Ka tafi ka ɗauki tsuntsunka, ka yi sallarka a jirgi, ta inganta. Haji Edoo ya kira."

"Maulana, fatawa na zo nema, ba ta'aziyya ba."

"Ka zo in matsar maka da rana ne. Wannan kuwa ba a sashena yake ba."

Ya fito yana cewa a ransa malaman zamani karatunsu bai yi zurfi ba.

Dabararsa ta farko ita ce ya kafa kyamarar a kan rufin masallaci, bakinta na duban hanyar da garkunan suke bi, ya jawo doguwar igiyar matsawa ta taga har ƙarƙashin ƙafarsa, yana kira yana takawa. Kwana goma ya yi haka. Ya samu hotuna ɗari huɗu da 'yan kai, na wayoyin lantarki, da tankin ruwan maƙwabta, da shanyar wani gida da bai kamata a ce ladan yana da hotonta ba. A cikin uku akwai ɗigo ja a can gefe. Matarsa Shairoon ta duba ta ce ita dai ta ga kamar barkono ne ya faɗa a gilashin.

Dabara ta biyu ta fito ne daga Boysie, mai kwalekwalen da yake kai shi bakin taɓo da safe, mutumin da ba ya shiga masallaci ko coci amma yana da ra'ayi a kan dukkansu. Ya ce ai zamani ya zo da sauƙi. Chacha ya buga waya daga cikin jirgi, wani ya kara wayar a bakin makirfo, ya kira sallarsa a hankali, lasifika ta ƙara mata ƙarfi. Ƙauye ya ji muryar da ya saba ji, Haji ya ci gaba da zama a bakin ƙofa, hoto ya samu. Chacha bai kai wannan mas'ala gaban Maulana ba, don ya lura cewa amsoshin Maulana ba sa dacewa da buƙata.

Saura wanda zai riƙe wayar. Makullin ɗakin makirfon yana hannunsa, kuma Shairoon ce take sharar masallacin ran Alhamis. Ya same ta tana murza kullin roti, gurasar da muke ci, ya yi mata bayani, ya kawo hujjoji, ya ambaci darajar mace mai taimakon mijinta a kan alheri.

"Baban Nazra, wane alherin? Kana so in kulle kaina a ɗaki da tsintsiya, Haji yana zaune a ƙofa kamar mai gadin banki, don ka ɗauki hoton da ke rataye a bayanka yanzu haka?"

Ya waiwaya. Kalandar mai taya ce.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce.

"Tsuntsayen ma ba naka ba ne."

Amma ta yarda, don shekara arba'in da ɗaya ta koya mata cewa ƙin yarda yana tsawaita magana ne kawai. Suka gwada da rana tsaka daga mashigar jirage, lasifika a kashe, murya ta fito tangaran.

Ranar Alhamis ɗin, saura mako biyu a buɗe baje koli, sama ta yi wasai. Jadawalin masallaci ya ce magariba ƙarfe shida da minti goma sha ɗaya. Da suka isa tafkin da tsibirin yake tsakiyarsa, suka tarar da jirage bakwai a jere, biyu cike da 'yan ƙungiya, don kowa yana son sabunta Dawowarsa kafin baje koli. A wannan wuri akwai ladabin da ya fi na ɗakin karatu tsanani. Ana kashe inji daga nesa, a ɗaure jirgi a jikin turke, ba tari, ba atishawa, wanda ya buɗe ledar biskit sai ya sha harara daga jirage bakwai. Likita Sookdeo ya hango shi, ya ɗaga gira, ya duba agogo, ya sake dubansa.

Tun a bakin tafkin Chacha ya buga wa Shairoon, ta ɗauka, ta raɗa masa cewa ta kulle ƙofa kuma Haji ya riga ya tambaye ta sau biyu ina Bhai Fyzool, wato ɗan'uwa Fyzool. Ya ce kada ta kashe, ya zura wayar a aljihun ƙirji, Boysie ya tura jirgin da sanda zuwa wani lungu a bayan itatuwa inda ya ce haske ya fi kyau.

Fararen balbelu suka fara zuwa. Sa'an nan jajayen, biyar, goma, talatin, suna tahowa ƙasa ƙasa a kan ruwa, su ɗaga su faɗa cikin ganye. Chacha ya shekara sittin da takwas a gefen wannan fadama bai taɓa ganin wannan da idonsa ba. Ya manta da sauro. Ya ga itatuwan suna ja kaɗan kaɗan kamar ana hura garwashi, ya ji bakinsa yana tasbihi ba tare da ya umarce shi ba. Ya ɗauki hotuna, amma ya san duk rabin dawowa ne. Ido ɗaya a kyamara, ɗaya a agogo.

Shida da minti goma, Boysie ya taɓa kafaɗarsa ya nuna can ƙarshen ruwa. Babban garken ne, dogon layi ja, ɗaruruwa, suna tahowa ba gaggawa. Kafin su iso sai an yi kamar minti ɗaya da rabi. Agogo ya cika sha ɗaya.

"Chacha, rabin minti kawai," Boysie ya raɗa. "Wanda kake kira wa ba Zai rufe ƙofa don rabin minti ba."

Gaskiya Boysie ya faɗa, kuma da Maulana yana wurin da ya tabbatar masa. Amma amanar tarihi ta wajabta a faɗi cewa abin da ya zo wa Chacha a zuci a wannan lokaci ba tsoron jinkirta salla ba ne. Haji Edoo ya gani, zaune a bakin ƙofa, ido a kan agogon bango, yana shirin miƙewa. Sai ya ajiye kyamarar a kan benci, ya tashi tsaye, ya fuskanci alƙibla, wadda ta sanya tsibirin a bayansa, ya ɗora yatsu a kunne.

Niyyarsa ya kira a hankali, iyakar abin da waya za ta ɗauka. Ya yi ta maimaita wa kansa haka tun safe. Sai dai maƙogwaron da ya shekara talatin da huɗu yana kiran magariba mudu ɗaya ya sani. Kabbarar farko ta fita da dukkan ƙarfinta, ta bi kan ruwan da yake kwance shiru, ta bugi itatuwan ta dawo.

Tsibirin ya tashi gaba ɗaya. Dubban tsuntsaye suka fashe daga cikin ganye a lokaci guda, suka haɗu da babban garken da yake isowa, sama ta rufe da ja daga wannan gefe zuwa wancan, hasken ƙarshe na rana yana ratsa fikafikansu. Boysie, wanda aka haifa a fadamar, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Daga jirage bakwai aka ji kyamarori suna ɓarin ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Mutum ɗaya ne a tafkin hannuwansa ba sa kan kyamara. Da ya kai wurin da ladan yake juya fuska dama, ya hangi jan a gefen idonsa, sai ya runtse ido ya ci gaba, don ba a yanke kiran salla a tsakiya. Ya kai ƙarshe, ya yi addu'ar bayan kira, ya juyo. Itatuwa kore, rana ta faɗi, tsuntsayen sun yi nisa suna kewaya wani wuri da babu haske.

Ya ciro wayar don ya ce wa Shairoon ta buɗe ƙofa. Wayar ta nuna kiran ya yanke tun ƙarfe shida da minti biyu, lokacin da suka shiga bayan itatuwa.

A masallaci kuwa, Shairoon ta tsaya da matacciyar waya a bakin makirfo tana jira. Haji ya ƙwanƙwasa. Maulana ya duba agogo ya yi gyaran murya. Da minti uku suka wuce, ta buɗe ƙofa, ta ɗauki tsintsiyarta ta ce, "Haji, bismilla," ta fita ta ƙofar mata ba ta waiwaya ba.

Ma'aikacin gwamnati mai tsaron fadamar ya tare su a mashiga ya yi wa Chacha wa'azi a kan haƙƙin tsuntsu, shi kuwa ya saurara kai a sunkuye, don ya san gaskiya ce. Masu jirage suka haɗu suka hana a ɗauke shi zuwa tafkin har wata guda. Ranar baje koli ya tsaya a ƙofa yana miƙa takardar shiri. A cikin firam ashirin da biyu da aka rataye, goma sha ɗaya suna ɗauke da wani ɗan tsoho mai farar hula tsaye a kwalekwale, yatsu a kunne, ido a rufe, sama ta kama da wuta a bayansa. Dokar ƙungiya ta hana mutum ya fito a hoton tsuntsaye, amma an yi zaman gaggawa an ɗage ta da ƙuri'a. Na Likita Sookdeo ne ya zo na ɗaya. Baƙi suka riƙa karɓar takarda a hannun Chacha, su shiga, su fito da sauri su sake dubansa. Likita ya riƙe hannunsa a gaban jama'a ya ce ƙungiya ba za ta manta da gudummawar Mista Rajack ba, kuma yana fatan wata rana zai zama ɗan ƙungiya.

Wannan bai yi masa zafi ba kamar abin da ya biyo baya. Kwamitin masallaci ya ce zai zauna ran Juma'a a kan wanda zai riƙe magariba, don Haji Edoo ya kira ta kwana goma sha shida a jere da hujjar cewa Bhai Fyzool yana buƙatar hutu. Chacha ya ƙudura zai tara shaidu. Ya bi gida gida, yana tambaya a fakaice yadda mutane suka ji a ransu ranar da wata murya ta fito daga hasumiya. Na farko ya ce wace rana. Na biyu ya ce ai ya zaci mura ce ta kama Chacha. Na uku, wanda yake sahun gaba kullum, ya yi mamakin jin cewa an canza ladan, ya ce shi da ya ji lasifika ta yi ƙara sai ya tashi ya yi alwala. Ya zaga layi huɗu bai samu wanda zuciyarsa ta karye ba.

Mutum ɗaya ce ta lura, Tanti Doolarie, tsohuwar Bahindiya da gidanta yake jikin katangar masallaci, wadda ta shekara talatin tana kunna fitilar ibadarta ta yamma da jin muryarsa. Ta kira shi ta kan shinge ta ce kwanakin nan duk fitilarta a makare take kunnawa, don in wancan ya fara sai ta zaci motar masu tallan kifi ce.

"Yaushe za ka dawo, Fyzool? Allolina sun rikice."

Ya yi mata godiya, ya tafi yana tunanin yadda zai gabatar da wannan shaida a gaban kwamitin masallaci, ya ga babu hanya.

Ran Juma'a, kafin kowa ya buɗe baki, ya ajiye makullin ɗakin a gaban Maulana ya ce a yi wa Haji kwafi. Ya ce zai riƙe asuba da sauran ukun, magariba kuwa ya bar wa ɗan'uwansa don Allah. Maulana ya dube shi ta saman tabarau ya ce Allah Ya karɓa, kuma Shi ne Masanin rabon da yake don Shi a cikin kowane aiki. Haji Edoo, wanda ya zo da jawabi shafi uku a aljihu, ya rasa inda zai sa shi, sai ya rungume Chacha ya yi kuka na gaske.

Da watan hani ya cika, Boysie ya kai shi tafkin wata Talata da ba kowa sai jirgi ɗaya na baƙi. Babban garke ya zo, ya matsa, ya samu. Aka maƙala masa jan bajo a zaman da ya biyo, aka tafa, aka ci gaba da maganar kuɗin shayi. Hoton ya yi kyau kamar na kowa.

Amma bai daina zuwa ba. Shekara uku da suka rage masa, yawancin yammacinsa a tafkin ya yi su. In lokaci ya yi sai ya yi kira tsakaninsa da kansa, da muryar da Boysie ya ce ko zalɓen da ke kan turke ba ya ɗaga kai, ya yi sallarsa a zaune a jirgi. Ya gano cewa abin kallo yana farawa ne bayan an rufe kyamarori an tayar da injuna, lokacin da tsuntsayen suke rabon wurin kwana. Akwai wani tsoho a cikinsu, fikafikansa sun fara kodewa, da yake da reshe guda wanda ba ya yarda kowa ya taɓa. Itacen cike yake da rassa irinsa, amma duk wanda ya matso sai ya buɗe baki ya kai masa sara, har duhu ya rufe yana gadi, sauran sun daɗe da yin barci. Chacha ya yi mako uku yana binsa kafin ya same shi a ɗan hasken da ya rage, wuya a miƙe, ido a zare, shi kaɗai a kan reshensa. Ya wanke hoton ya daɗe yana dubansa. Bai kai shi ƙungiya ba. Ya sa shi a firam ya kai wa Haji Edoo, wanda a lokacin ya riga ya ƙi zuwa bikin jikarsa a San Fernando don kada wani ya kira masa magariba. Haji ya rataye shi a shago, yana nuna wa masu sayen ƙusa yana cewa su dubi jarumin tsuntsu.

Chacha Fyzool ya rasu wata safiyar Litinin a cikin damina, bayan ya kira asuba ya dawo gida ya ce wa Shairoon zai ɗan kishingiɗa kafin ruwan teku ya janye ya fita bakin taɓo. Haji Edoo ne ya yi masa wanka. 'Yan ƙungiya suka zo maƙabarta su ashirin da biyu, suka tsaya daga nesa shiru, irin shirun da suka iya.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Fyzool ɗan Rajack. Ka karɓi abin da ya kira dominKa, Ka yafe masa abin da ya kira don kada wani ya kira, domin Kai ne Ka san yadda Ka cakuɗa zukatanmu. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka tashe shi a cikin ladanai ranar da za a ɗaukaka su, Ka sanya mu tare da shi a cikin waɗanda rahamarKa ta lulluɓe. Amin.